Ina Gumin Jarumanmu?

Duk wanda ya duba Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, zai lura cewa mutanen cikinsa masu sana'a ne. Ga mai shuka, ga masunta, Bulus kuwa ɗinkin tanti yake yi don kada ya ɗora wa kowa nauyi. A Matiyu sura ta 25, baran da ya binne kuɗin maigidansa ya sha hukunci, alhali bai ci ko kwabo ba. Laifinsa zaman kashe wando. A wurin Kirista aiki amana ce, Musulmi ma ya san haka.

To, mu marubuta fa? Jarumin littattafanmu na soyayya sai ya fito cikin marsandi, ba a faɗa mana sana'arsa ba. Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991, magina da leburori suka ɗaga ta. Ga manoman dabino, ga 'yan kasuwar Shuwarin. Wa ya ba su ko babi guda?

Ɗalibanmu na karanta mu. Idan muka koya musu arziki ba gumi, kada mu yi kuka ranar da suka raina fartanya.