Jinjina ga masu suyar gahawa

A Sakkwato, inda mai shayi ya saba ɓarke ledar Nescafé ya zuba ruwan zafi, duk wanda ya zauna suyar ɗanyar gahawa da hannunsa ya cancanci jinjina. Irin waɗannan nake yi wa fatan samun rumfa a Runjin Sambo.

Jarinsu ba yawa: kasko mai kauri, gawayi, ludayin juyawa, turmi da taɓarya, sai faifai na fifita 'ya'yan su huce. Wanda ya ɗan samu hali ya sa mai walda ya ƙera masa ƙaramar ganga mai hannu, ya ɗora bisa gas. Injin lantarki? A wutarmu, a bar shi tukuna.

Aikin na kunne ne da hanci. 'Ya'yan suna shiga kore-kore, su koma ruwan ƙasa, can sai ka ji ƙas-ƙas kamar gugguru. Ka yi sakaci minti 2, sun ƙone. Nauyi ma raguwa yake, kuma asarar ta mai suya ce.

Gahawar Arabica tana fitowa a tsaunin Mambila na Taraba. Masu suya, ku sayi ta manoman can, ku sa citta da kanumfari.