Labarun aljannu da na taurari: mu auna su tun ba su ƙare ba

Wani abu ya fara yawa cikin azuzuwan manya na Tawa da ƙauyukan arewacin Adar. Wanda ya iya haɗa baƙaƙe, ya iya rubuta ma ɗan uwanshi wasiƙa zuwa Abijan, sai ka ga ya sayi kaye na biyu ya fara rubuta labari. Da yawa cikin labarun nan na aljannu ne, ko na dodanni, ko na jirgin da ke tahiya wajen taurari. Masu su ba su jira su ƙare. Shahi biyar, shahi goma, sai su kawo su karanta ma abokai bayan an tashi karatu.

Wagga al'ada mai kyau ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma sau da yawa masu saurare ba su cewa komi sai "ya yi daɗi, ci gaba". Yabon da babu awo cikinshi bai gyara labari. To, da wane mudu za mu auna?

Iri biyu ne

Akwai labarin al'ajabi. Cikinshi aljani ka iya ɗaukar mutum daga Tawa shi aje shi Makka kahin asuba, kuma ba mai tambaya ta yaya. Wannan ɗan uwan tatsuniya ne, mun san shi tun muna gaban kakanninmu.

Akwai kuma labarin kimiyya. Shi ma ƙage ne, amma mai shi yana ɗaukar abin da masana sunka gano, ko na'urar da mutane sunka ƙera, shi tambayi kanshi: in abin ga ya ci gaba, ina za shi kai mu? A nan ba aljani ke aikin ba. Mutum ne da hankalinshi da ƙarhenshi.

Duka biyu suna da wuri cikin Hausa, kuma ba yau sunka fara ba.

Abin da na gaba sunka bar muna

Cikin 1933 anka yi gasar rubuta labarai da Hausa a Zariya. Cikin littattafan da sunka hito daga gare ta akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara.

Ƙarhin Ruwan Bagaja shi ne dalilin tahiyar. Ɗan sarki ba shi da lahiya. Limamin da ya reni Alhaji Imam ya ce ruwan Bagaja ne maganin, sai anka yi mishi dariya a fada. Alhaji ya hita neman ruwan don shi wanke wannan kunya. Kowa ya san zahin a wulaƙanta tsohonshi gaban jama'a, don haka muke bin shi har ƙasar aljannu. Ga kuma Malam Zurƙe, abokin gabar da suke ta rama ma juna tsiya, muna dariya. Inda littahin ya yi rauni a ganina shi ne tsakiya. Dabarun Alhaji da Zurƙe sun yi daɗi har mai karatu na mance da yaron da ke kwance. Kana iya ɗauke wani babi ka maida shi baya, labarin bai canza ba.

Ganɗoki ya fara da yaƙin gaske, lokacin da Turawan Ingila sunka ci ƙasar Hausa. Nan labarin yana da nauyi, don akwai rashin nasara cikinshi. Da Ganɗoki ya shiga ƙasashen aljannu sai ya zama duk wanda ya tare shi ya faɗi. Jarumin da ba a iya kayarwa, ba a jin tsoro dominshi. In tsoro ya hita, barci ya shigo.

Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa yana koya muna yadda ake aro. Asalin labarin na mutanen Rasha ne. Ingawa ya ɗauko shi ya sa mishi riga da rawani, har yaron Bahaushe ke jin kamar kakanshi ne Iliya. Aro ba laihi ba ne, in ka ɗinke rigar daidai jikinka.

Sai 1969. Ran 20 ga watan bakwai na wannan shekara mutanen Amurka biyu sunka sauka bisa wata. Cikin shekarar nan Umaru Dembo ya hitar da Tauraruwa Mai Wutsiya. Labarin wani yaro ne, Kilba, wanda wani baƙo daga wata duniya ya ɗauka cikin jirginshi zuwa sararin samaniya. Dembo ya cancanci yabo, don shi ya nuna cewa harshen da muke cinikin hatsi da shi yana iya zancen taurari. Amma ku lura, Kilba ɗaukar shi anka yi. Jirgin ba nashi ba ne, ba mutanenshi sunka ƙera shi ba. Dembo ya buɗe ƙofa. Aikin na baya shi ne su sa yaron shi riƙe linzami da kanshi.

Mu kuma nan Tawa muna da namu. Marigayi Mustafa Alasan, mai sinima, ya daɗe zaune cikin garin ga, ya rasu cikin 2015. Tun 1966 ya zana kwaɗi ya sa su motsi, ya yi labarin shugaban kwaɗi mai tahiya ziyara ƙasar waje, kowa ya gane da su wa yake. Cikin wani aikin nashi, Tula, fari ya kama ƙasa, boka ya ce sai an ba aljanin ruwa budurwa daga gidan sarki. Saurayinta ya tahi neman ruwa don shi cece ta, ya komo a makare. Ruwa ya samu, amma da tsada. Wanda ya ga farin 1973 ko na 1984 ba ya kallon wannan da dariya.

Daga waɗanga muna iya samun mudu ukku. Mi ya hitar da mai labarin daga gida? Mi abin al'ajabin ke ci gare shi? Wace ƙasa ce ƙarƙashin ƙafarshi?

Labarai ukku da ke kan hanya

Bari mu gwada mudun ga labarai ukku da anka karanta muna bana, ba ko ɗaya da ya ƙare.

Na farko wani saurayi ne da ya komo daga bida ya rubuta shi. Jaruminshi yana da takobin tsahi, sara ɗaya mutum dubu. Hannun yaron ga yana da gudu, yaƙinshi yana da ƙura, kana jin sukuwar dawaki. Amma ya karanta littattafan yaƙi na Kano ya kwaso su duka. Sunayen birane baƙi ne, sunayen mutane baƙi ne. Jarumin ya ratsa hamada kwana arba'in bai nemi rijiya ba. Mutumin da ya san hanyar Abalak cikin bazara ya kamata shi san ƙishirwa ta hi dodo. Da jarumin ya tsaya bakin rijiya mai zurhi ba guga ba igiya, da takobinshi bai yi mishi komi ba, da mun ji tausayinshi. Kuma takobin ba shi da sharaɗi. Abin da ke ba da komi bai karɓi komi ba, ya kashe labari tun shahi na ukku.

Na biyu wata uwar gida ce ta rubuta shi, rubutunta a hankali, da kurakuran baƙaƙe da yawa. Amma shi ya hi ƙarhi. Rijiyar wani ƙauye ta ƙahe. Aljanar rijiya ta hito ma wata tsohuwa ta ce za ta maido ruwa, da sharaɗi guda: kowa shi sha, baƙo da ɗan gari, mutum da dabba, amma ranar da anka sai da ko gora ɗaya, ruwan ya tahi. Shekara biyu ana lahiya. Sai ga wani mai amalanke da jarkoki, ɗanshi na kwance, ba kuɗin magani, ga mutanen wani gari suna tayin kuɗi. Nan marubuciyar ta tsaya, ta ce ba ta san yadda za ta ƙare ba. Wani ya ce mata ta sa tsohuwar ta farka, ashe mafarki ne. Ina roƙon ta kada ta yi haka. Mafarki ƙofar gudu ce. Ta riga ta sa mu tsakanin ran yaro ɗaya da ruwan gari duka, kuma mai amalanken ba mugu ba ne. Wannan shi ne labarin. Ko ya sai da ruwan ko bai sai da ba, wani zai yi hasara, kuma dole mu gan ta da idonmu.

Na ukku na wani manomi ne, shi ne labarin kimiyya. Ya ji cewa tauraruwa mai wutsiya da anka gani cikin 1986, wadda Turawa ke kira Hali, za ta komo cikin 2061. Sai ya aje labarinshi a wannan shekara. Jikanyar jikanyarshi ta ƙera na'ura mai aiki da hasken rana, tana tatsar ruwa daga iska. Tunanin ya yi kyau, kuma a nan ɗiyar Adar ce ke riƙe da linzami. Amma daga ranar da na'urar ta tashi, kowa ya ƙoshi, kowa na murna, shahi shidda. Ba haka muka san na'ura ba. Mun ga pampo nawa da sunka mutu don wani ɗan ƙarhe da babu shi sai Yamai? Na'urar ga ta wa ce, ta yarinyar, ko ta maigari, ko ta wanda ya ba da kuɗi? In makiyaya sunka gangaro da garke, a wane layi za su tsaya? Matan da ke kwana bakin rijiya, mi za su yi da lokacin da sunka samu, kuma mazansu za su yarda? Labarin kimiyya ba ya ƙarewa ranar da na'ura ta tashi. Ranar yake farawa.

Al'ajabin da ke ƙarƙashin ƙafarmu

Masu rubutu da yawa suna zaton sai an tahi nesa ake samun abin mamaki. Ku duba nan. Masana sun nuna cewa shekaru miliyoyi da sunka wuce teku ce ta ruhe ƙasar Adar. Farin dutsen da ake siminti da shi a Malbaza ƙarƙashin wannan ruwa ya taru. A tuddan arewacin Tawa ana tsintar haƙoran kihi da sunka zama dutse. Wajen Ingal an tono ƙasusuwan wata dabba da ta hi giwa girma nesa ba kusa ba. Buzaye sun daɗe suna ganin irin ƙasusuwan suna cewa na wani dodo ne, Jobar. Cikin 1999 masana sunka raɗa ma dabbar suna Jobariya. Kun ga inda tatsuniya da kimiyya sunka gamu bisa ƙashi ɗaya.

Ga kuma Kaita. Daga 1984 mutane, yawancinsu mata, sunka yi ta ɗaukar duwatsu a ka, suna jera su, suna gina ramu, suna dasa itace, har tuddan da sunka zama ƙeƙasassu sunka yi kore. In wani ya rubuta haka cikin 1980, da an ce ƙage ne. Wa zai rubuta muna Kaita ta shekara ɗari nan gaba?

Amanar mai rubutu

Wasu na cewa duk wannan ƙarya ce, bai kamata babba shi ɓata takarda da ita ba. Amma ƙarya ita ce wadda ake so ka ɗauka gaskiya. Mai tatsuniya tun fil azal yana ƙarewa da cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya, kowa ya san wasan.

Sai dai akwai amana. Wanda ya fara karatu jiya yana girmama duk abin da ya gani a rubuce. Don haka mai labarin kimiyya shi rarrabe abin da ya ƙaga da abin da aka sani. Tsakaninmu da wata akwai kilomita wajen 384,000, kamar ka yi tahiyar Tawa zuwa Yamai sau 700. Babu iskar shaƙa a can. In jaruminka zai yi yawo bisa wata, gaya muna da mi yake numfashi. In aljani ne ya kai shi, ba mu tambaya. In jirgi ne, sai mun tambaya.

Ga masu saurare

In ɗan uwa ya kawo labarin da bai ƙare ba, ku bar shi shi kai inda ya tsaya, kada a katse shi don wani baƙi da ya ɓace. Gyaran baƙaƙe na malami ne, kuma yana iya jira. Sa'an nan kowa shi faɗi wuri ɗaya da ya ji a jikinshi, da wuri ɗaya da hankalinshi ya tahi gona. Kada ku ƙare mishi labarin, ku dai yi mishi tambaya. Kada a yi ma mace dariya don ta rubuta zancen taurari. Kuma labarin da ka ji a zaure na mai shi ne. Kowa shi rubuta sunanshi da kwanan wata a shahin farko na kayenshi.

Uwar gida mai aljanar rijiya ta ce za ta ƙare nata kahin ruwan shuka. Saurayi mai takobi ya yarda zai sa jaruminshi shi ji ƙishirwa. Ku ma na Barmu, da Tabalak, da Afala, da Takanamat, in kuna da irin waɗanga cikin kaye, ku ba malamin ajinku shi aiko muna, ko rabi ne.