Rawar Bibbiyu a Tsakiyar Teku

Jirgin ruwan Queen Mary 2 na kamfanin Cunard yakan kwana bakwai tsakanin Southampton ta Ingila da birnin New York, tafiyar da jirgin sama ke gamawa cikin awa takwas. Tun wajen 1958, da masu tsallake Atlantika ta sama suka fi masu bin ruwa yawa, wanda ya hau irin wannan jirgi ba sauri yake yi ba. Lokaci ya saya, kuma rawa na cikin abubuwan da ake cinye lokacin da su.

A jirgin, wanda ya fara aiki a 2004, akwai babban zaure mai suna Queens Room. Da la'asar a nan ake shan shayi, masu hidima sanye da farar safar hannu. Da dare makaɗa su hau dandamali, maza cikin baƙar kwat, mata cikin dogayen riguna, a shiga fili bibbiyu: wals mai ƙirgen uku-uku da ta yi suna a Vienna, fokstrot ta Amurka, tango ta Ajantina, rumba ta Kyuba. Kowa na zagayawa saɓanin hannun agogo don kada a yi karo. Idan teku ta motsa, sai ka ga masu rawa duk sun karkata gefe guda, gwanayen cikinsu sun gajarta taku, sun sassauta gwiwa har jirgin ya daidaita.

Abin da ya fi taɓa ni a wannan al'ada shi ne mazan da ake ɗauko don su yi rawa da baƙi. Yawancin fasinjoji sun manyanta, da yawansu mata ne da mazajensu suka rasu. Wannan rawa kuwa mutum ɗaya ba ya yin ta. Matar da ta shekara arba'in tana taka rawa da mijinta, ran da ya mutu har filin rawar ta rasa. Shi ya sa tun shekarun 1980 wasu kamfanoni suka riƙa gayyato dattawa gwanayen rawa, a ba su ɗaki da abinci maimakon albashi. Sharuɗɗan suna da tsauri: ba soyayya da fasinja, ba maƙale wa mace ɗaya, wadda ke zaune shiru a lungu ita ma sai an je an gayyace ta. Fim ɗin Out to Sea na 1997, da Jack Lemmon da Walter Matthau suka fito, ya mai da aikin abin dariya. A ganina aiki ne na ɗebe kewa, kuma yana buƙatar haƙuri da kamun kai fiye da gwanintar ƙafa.

Inda nake da ja da al'adar shi ne tarihin da take tallatawa. Ana cewa an farfaɗo da zamanin manyan jiragen ruwa na dā, alhali a wancan zamani zauren rawa na masu tikitin alfarma ne kaɗai. Talakawan Turai masu ƙaura zuwa Amurka suna can ƙasa kusa da injin, an raba su da sama da ƙofofin ƙarfe, suna tasu rawar da goge da ganga. Yau kowane fasinja na iya shiga Queens Room, amma waɗanda ke goge daɓen da asuba, da yawansu 'yan Filifin da Indiya, sukan yi watanni ba su ga iyalansu ba.