Noti Biyu da Jan Ɗigo

Idon ɗan Adam ba ya iya tsayawa a kan abu uku a lokaci guda, kuma wannan ita ce tsohuwar matsalar duk wanda ya taɓa saita bindiga. Akwai ƙaramar tsaga a baya, akwai ɗan tsinin ƙarfe a hancin bindigar, sannan ga abin harin can nesa. Dole mai harbi ya zaɓi ɗaya ya kafa masa ido, sauran biyun su zama dishi-dishi. Masu koyarwa sun ce a zaɓi tsinin gaba. Wato a daidai lokacin da mutum zai ja kunama, abin da yake so ya harba shi ne ba ya gani da kyau. Tsofaffin mafarautan da ke shiga dajin Falgore daga Doguwa da Tudun Wada sun san wannan ba tare da an karanta musu ba, sun kuma san yadda abin yake ƙara tsanani idan mutum ya haura arba'in, lokacin da ido ya fara ƙin ganin na kusa.

Maganin da aka samo ɗan gilashi ne wanda bai kai faɗin kwalin ashana ba. A bayansa akwai ƙaramar fitila mai jefa haske ja a jikinsa, gilashin kuma an lanƙwasa shi yadda zai maido da hasken cikin ido kamar daga nesa ya taho. Sai mai harbi ya ga jan ɗigo yana zaune a jikin abin harin. Ido biyu a buɗe, kallo wuri ɗaya. Dabarar ta daɗe: wani mai ƙera madubin hangen taurari a Dublin, Howard Grubb, ya yi rajistar irinta tun 1900, kamfanin Aimpoint na ƙasar Suwidin kuma ya fitar da mai fitilar lantarki a 1975. Amma ba gilashin ne ya sa ni rubutu ba. Mutumin da ke ɗora shi a kan ƙaramar bindigar gasa, ya zauna daram, shi nake so a sani, domin aikinsa ya fi na mai ƙera gilashin ɓoyuwa, kuma a ganina bai gaza shi wuya ba.

Wasan da ya haifi wannan sana'a shi ne harbin gudu da agogo, wanda ƙungiyar IPSC ke shiryawa tun kafa ta a 1976 a garin Columbia na jihar Missouri a Amurka. Ana raba makin mutum da daƙiƙun da ya ɓata, saboda haka sauri da dacewa duk ana bukatarsu. A 1990 Jerry Barnhart ya ci gasar Amurka da jan ɗigo a kan bindigarsa, a shekarar kuma Doug Koenig ya ci ta duniya a Adelaide ta Ostareliya da irin wannan na'ura. Daga nan zance ya ƙare. Cikin 'yan shekaru sai da aka raba gasar gida-gida, masu gilashi daban, masu tsinin ƙarfe daban, don kada a zalunci wani.

To ina wahalar? Ƙaramar bindiga mai sarrafa kanta tana da wani ƙarfe a sama, silaid, wanda duk harbi ɗaya sai ya zabura baya da ƙarfi, ya tofar da kwanson harsashi, ya dawo ya daki gaba. Maƙeran farko gudun wannan bugu suka yi. Suka huda gangar jikin bindigar daga gefe, suka kafa wata gada ta ƙarfe wadda ta haye saman silaid ba ta taɓa shi ba, suka ɗora gilashin a kai. Har yau haka ake yi wa bindigogin rukunin da aka sakar wa mara, kuma ɗigon ya fi natsuwa a ido. Sai dai gadar tana iya tare wa kwanso hanya, ya daki ƙasanta ya koma ciki ya maƙale. Maƙeri nagari sai ya zauna yana gyara kusurwar da kwanson ke fita, kaɗan-kaɗan, har ya riƙa wucewa ta gefe.

Hanya ta biyu ta zo ne da aka samu ƙananan na'urori masu jure duka, irin RMR na kamfanin Trijicon da ya fito a 2009. Yanzu a kan silaid ɗin kansa ake ɗorawa, na'urar ta yi ta kai-komo tare da shi, sau dubbai a shekara. A nan ne gwaninta take. Ana ɗaure silaid a injin sassaƙar ƙarfe a yanke masa gurbi. In an zurfafa, an shiga hurumin sassan da ke aiki a ciki. In ba a zurfafa ba, gilashin ya yi tsayi, mai harbi ya ɗaga bindiga ya yi ta laluben ɗigo. Gurbin kuma so ake ya kama na'urar gaba da baya ba tare da rata ba, a bar wasu 'yan ƙusoshi a tsaye da za su shige ramukan da ke ƙasanta. Dalili shi ne bugun ya sauka a kan kafaɗar ƙarfe. Noti biyun da ake ɗaurewa aikinsu su danne kawai. Duk wanda ya bar musu ɗaukar bugu, wata rana za su guntule a tsakiyar gasa.

Ga lissafin da ya sa nake jinjina wa mutanen nan. Tsawon irin wannan na'ura kusan milimita 45 ne. Idan gefe ɗaya ya goce da kashi ɗaya cikin goma na milimita, kaurin silin gashi ke nan, to a nisan mita 25 harsashi zai kauce da fiye da santimita 5. Ɗan datti da ya maƙale a ƙarƙashi, ko ɗigon mai da ba a goge ba, ya isa ya jawo haka. Shi ya sa kafin a ɗaura komai ake wanke gurbin da ramukan notin da sinadari mai cire maiƙo, a bari su bushe. A auna tsawon notin, domin a wasu bindigogin wanda ya zarce da kaɗan yakan danne sandar da ke riƙe da maƙatar kwanso, bindiga ta fara sarƙewa, a yi ta zargin harsashi alhali laifin noti ne. A ɗiga gam mai launin shuɗi a zaren, ɗan mitsitsi, wanda ke hana kwancewa amma yana barin a kwance in an so. Jan gam ba ya sakin noti sai an gasa shi. Sannan a ɗaure da abin ɗauri mai awo, a yi wannan kaɗan, a yi wancan kaɗan, har a kai adadin da kamfani ya faɗa. A bar gam ɗin ya kwana ya kama. Ƙarshe a ja ɗan layin fenti daga kan notin zuwa jikin na'urar, yadda da kallo ɗaya za a gane in ya motsa.

Wannan layin fentin ya fi komai burge ni. Mai aikin ne da kansa yake barin shaidar da za ta tona shi in bai yi daidai ba. Duk bakaniken kirki da ke bakin titi a Kafin Maiyaki, wanda ya san bambancin noti ya ɗauru da noti ya ci zare, zai gane wannan hali in ya gani, ko da bai taɓa riƙe bindiga ba.

Kamfanoni sun nemi sauƙaƙa abin. Glock ya fara sayar da bindigogi masu gurbi tun daga masana'anta a 2015, tare da faranti daban-daban da ake sakawa tsakani don kowace irin na'ura ta hau. Ya buɗe wa mutane da yawa ƙofa, ba musu. Amma faranti ƙarin hawa ne, ƙarin noti, ƙarin wurin da abu zai iya sassautawa, shi ya sa da yawa daga masu gasar gaske har yanzu suke kai silaid ɗinsu wurin maƙeri ya yanka daidai da na'ura guda.

Bayan ɗauri sai daidaita saiti. Ana ɗora bindigar a kan abin tokare, a harba biyar a wuri ɗaya, a duba tsakiyar inda suka taru, ba wanda ya fi kyau a cikinsu ba. A jikin na'urar akwai maɓalli biyu, na sama da ƙasa da na hagu da dama. A irin su RMR kowane ƙas ɗaya yana matsar da harbi kamar milimita 7 a mita 25. In sun taru santimita 7 a hagu, ƙas goma ke nan zuwa dama. A sake harba biyar. Mai gaggawa da ke murɗa maɓalli bayan kowane harsashi rawar hannunsa yake bi, ba zai taɓa gamawa ba.

A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga cikin waɗanda ba a mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa, saboda haka wannan ba aikin da za a buɗe wa shago ba ne a Kiru ko Bebeji, kuma da halin tsaron da muke ciki ban ga laifin hakan ba. A gasar Olamfik ma an haramta gilashin saiti a kan ƙaramar bindiga. Yusuf Dikeç na Turkiyya da ya ci azurfa a Faris a 2024, hannu ɗaya cikin aljihu, da tsaga da tsini ya yi harbinsa.

Abin da ya rage wa masu jan ɗigo shi ne batir. A tsofaffin samfura yana ƙarƙashin na'urar ne, sai an kwance ta gaba ɗaya kafin a canza shi, wanda ke nufin a sake wankewa, a sake gam, a sake awon ɗauri, a koma fili a tabbatar saiti bai goce ba. Sababbin sun mayar da shi sama ko gefe. Masu tsohon samfuri kuwa sukan canza nasu makonni kafin babbar gasa, tun bai mutu ba, don a samu lokacin harba ɗari ko biyu a ga ko layin fentin yana nan inda aka ja shi.