Inda Hausa Take Ɓacewa a Aikin Silima: Nazari a kan Fim ɗin "Zinder"

A shekarar 2021 ne Aicha Macky, haifaffiyar Damagaram, ta fito da fim ɗinta mai suna "Zinder", wanda aka fara nunawa a bikin Visions du Réel a ƙasar Suwizalan, sa'an nan a FESPACO a Wagadugu. Fim ne na gaskiya, watau ba wasan kwaikwayo ba, a kan samarin unguwar Kara-Kara, unguwar da tun asali aka keɓe wa kutare da sauran waɗanda gari ya juya wa baya. Manufar wannan ɗan nazari ita ce a bi matakan da irin wannan aiki yake bi daga farko har ƙarshe, a ga inda Hausa take tsayawa a kowane mataki. Wannan kuwa ya shafi masu tsara yaƙi da jahilci fiye da yadda ake zato.

Da farko dai lalle ne a yaba wa mai aikin. Ta bar mutanen suna magana da bakinsu, ba ta aza musu wani mai sharhi yana fassara su ba. Na'urar ɗaukar hoto tana daɗewa a kan tabon wuƙa a jikin mutum har mai kallo ya ƙosa ya ji labarin tabon. Akwai shugaban wata ƙungiya da ta sa wa kanta sunan Hitler, mai son ya mai da masu ɗaga ƙarfe ƴan gadi, akwai tsohon ɗan daba da ya koma haya, akwai mai fasa-ƙwabrin man fetur daga iyakar Nijeriya. Hausar da ke bakinsu ta titin Damagaram ce, da zaurancenta, da kalmomin Faransanci da suka narke a cikinta. Samun wannan irin magana a faifai yana da wuya, domin ba a yin ta a gaban baƙo.

To, amma a duba hanyar da fim irin wannan yake bi. Kafin a ɗauki hoto ko ɗaya, sai an rubuta takardar neman kuɗi, mai bayyana labari da mutanen cikinsa da manufar mai aikin. "Zinder" aikin haɗin gwiwa ne tsakanin Nijar da Faransa da Jamus, yana kuma cikin jerin Generation Africa na ƙungiyar STEPS ta Afirka ta Kudu, waɗanda ke karanta irin waɗannan takardu kuwa da Faransanci ko Ingilishi suke karantawa. Ashe ke nan fim yakan fara rayuwa cikin harshen da mutanen cikinsa ba su yi magana da shi ba. Sai wurin ɗaukar hoto, nan ne Hausa take sarauta. Daga nan sai ɗakin haɗa hoto, inda ake zaɓen abin da zai tsaya daga cikin sa'o'i masu yawa da aka ɗauka. (Ƴan fim na Kano suna ce wa wannan aiki "tacewa", kalmar da kuma aka ba hukumar da ke hana fim fita, ya kamata masu ƙirƙirar kalmomi su raba su.) A bisa al'ada, in mai haɗa hoton ba ya jin harshen, sai a fassara masa dukan maganar a takarda, da fassarar yake aiki. Abin da ya yi armashi a fassara shi ne ke da rabon tsira. Habaici, da gatse, da shirun da Bahaushe yake yi don kunya, suna iya zama kamar ɓata lokaci ga wanda takarda ce jagorarsa. Kasancewar mai ba da umarni ƴar gari ce kariya ce babba a nan, sai dai kariyar ta dogara ga mutum ɗaya, ba ta zama tsari ba.

Mataki na ƙarshe shi ne rubutun ƙasan hoto. Ƙa'idarsa matsattsiya ce: layi biyu, kowane layi haruffa wajen 40, cikin ƴan daƙiƙoƙi. Alal misali a ɗauki kalmar da samarin suke kiran ƙungiyoyinsu da ita, watau "pale". Tun cikin shekarun 1990 matasan Damagaram suke ce wa majalisarsu ta shan shayi "fada", suna aron sunan daga fadar sarki. "Pale" kuwa ita ce kalmar Faransanci mai ma'anar fada, amma da ta shigo Hausa sai ta rabu da ƴar'uwarta, ta koma sunan ƙungiyar da ake tsoro. Kalma ɗaya ta zama biyu, kowace da matsayinta, kuma a cikin wannan rabuwa akwai tarihin yadda matasa marasa aiki suka naɗa wa kansu sarauta. Layi biyu ba za su ɗauki wannan ba. Mai kallo a Turai daba kawai zai fahimta.

Ba kullum haka abin yake ba. "Shaihu Umar" na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito ne daga gasar rubutu ta 1933 a Zariya, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo da aka buga a 1975, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Ko da fim ɗin ya ɓace shekaru masu yawa, har sai da aka gano shi a 2016, aka gyara, aka nuna a Berlin a 2018, littafin da wasan suna hannun ɗalibai. Gaskiya ne ba a rubuta wa fim na gaskiya zance tun kafin ɗauka, saboda haka kwatancin bai cika ba. Amma ana iya rubuta shi bayan ɗauka.

A nan ne maganar ta iso Damargu. A ɗauki mutumin Gangara, a ƙasar Tanut, wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci. Ya iya haɗa baƙi, amma in ya rufe littafin aji ba ya da abin karantawa, karatun da ba a bita kuwa gudu yake yi. Fim yana isa gare shi ta wayar hannu, ba ya bukatar a roƙe shi ya kalla. A ƙasar Indiya, tun daga 1996 Brij Kothari ya fara gwada sa rubutun waƙoƙin fim a ƙasan hoto cikin harshen da ake rera su, don mai ƙaramin karatu ya riƙa bin kalma da ido yayin da kunne yake jin ta, daga baya tashar gwamnati ta Doordarshan ta ɗauki dabarar. Damargu ma tana da ƙarin dalili, domin Dagira da Abzinawa da Fulani da yawa Hausa harshensu na biyu ne, ganin kalma a rubuce zai taimake su.

Akwai wahala, ba a ɓoye ta. Da wace ƙa'ida za a rubuta? Nijar ta tsai da tata a 1999, tana rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y. Wannan ƙarami ne. Babbar tambaya ita ce ko za a rubuta abin da saurayin Kara-Kara ya faɗa yadda ya faɗe shi, ko za a gyara shi zuwa daidaitacciyar Hausa. A ganina a bi bakinsa, a daidaita haruffa da rabon kalmomi kawai. In rubutu ya saɓa wa abin da kunne ya ji, mai koyo zai rikice, mai nazarin karin harshe kuma ya yi hasarar shaidarsa.

Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. Abin da ya dace wannan cibiya ta nema shi ne yarjejeniya da masu shirya fina-finai: a rubuta dukan maganar da aka ɗauka da Hausa kafin a fassara ta, a ajiye kwafi ɗaya a nan bisa yardar waɗanda suka yi maganar, domin a cikin faifan irin na Kara-Kara akwai zancen da zai iya kai mutum kurkuku, sa'an nan kowane fim ya fita da rubutun Hausa a ƙasan hoto tare da na Faransanci.