Sharhi a Kan Hoton Dalar Gyaɗa

Duk wanda ya juya takardar naira 200, wadda aka fara fitarwa a shekarar 2000, zai ga dalar buhuna a bayan hoton Sardauna Ahmadu Bello, tare da shanu da amfanin gona. Wannan zane jika ne ga tsofaffin hotunan dalar gyaɗa na Kano, waɗanda ake gani a littattafan makaranta da kalanda da bangon ofisoshi. A ƙasar Rano da Kibiya, inda kakanni suka noma irin gyaɗar da aka tara, hoton ya zama kamar karin magana. Da an ce "zamanin dala", kowa ya san lokacin wadata ake nufi. Ku masu hidima kukan ji wannan magana a bakin dattawa, wani lokaci ma kukan kafa misali da ita a gaban jama'a. Saboda haka ya dace mu auna hoton kamar yadda muke auna kowane rubutu: daga ina mai ɗaukarsa ya tsaya, me ya sa a ciki, me kuma ya bari a waje.

Abin da hoton ya faɗa daidai

Bari mu fara da ba shi hakkinsa, gama alfaharin da mutane ke yi da shi yana da tushe. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga fasinja da kaya a 1912. Turawan da suka shimfiɗa shi auduga suke sa rai, domin masaƙun Ingila. Amma manoman ƙasar Kano da fatakenta suka yi nasu lissafi, suka ga gyaɗa ta fi riba. Ana iya shuka ta tare da hatsi, harawarta abincin dabbobi ce, in kuma kasuwa ta faɗi ana iya cin ta, abin da ba a yi da auduga. Masanin tattalin arziki Jan Hogendorn, a littafinsa na 1978 kan asalin cinikin gyaɗa a Nijeriya, ya nuna cewa tsofaffin fataken goro, irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo, su ne suka baza yaransu ƙauyuka suna sayen gyaɗa suna kai wa kamfanonin Turawa. Alhassan Ɗantata, wanda ake danganta wa dabarar jera buhuna dala-dala, ya fi su duka shahara kafin rasuwarsa a 1955.

Ashe dai dalar shaida ce ta basirar talaka da ɗan kasuwan Hausa. Fartanya da jaki ne suka tara abin da ya cika jiragen ruwa zuwa masana'antun sabulu da man girki na Turai. Wannan kam hoton bai yi ƙarya ba.

Dala kaya ne masu jira

Kuskure yakan shigo sa'ad da aka ɗauki tsayin dalar a matsayin ma'aunin jin daɗin jama'a. Mu tambayi kanmu: me ya sa ake tara buhu kusan 15,000 a fili, a lulluɓe shi da tamfol, a Ƙofar Mazugal ko Birged? Ɗan kasuwa ba ya son kayansa su kwana a rana. An tara su ne domin jirgin ƙasa bai iya kwashe su a kan kari ba. Layi ɗaya ne tak ya fita daga Kano zuwa kudu, gyaɗar shekara kuwa cikin 'yan watannin kaka take shigowa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya tsananta, domin kawunan jirgi da taragu sun tsufa, sababbi ba su iso ba. Gyaɗar bara ta tarar da ta bana a fili, ƙwari suka shiga buhuna suka yi ɓarna, har 'yan majalisar Ingila suka riƙa tambayar gwamnatinsu dalilin da gyaɗa ta maƙale a Kano alhali mutanensu na ƙarancin mai. A daidai wannan lokaci, daga 1947 zuwa 1951, Ingila ta zuba maƙudan kuɗi a wani shirin noman gyaɗa da injina a Tanganyika, wato Tanzaniya ta yanzu, shirin kuwa ya rushe. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Dalar da ta fi yawa a hoto, sau da yawa ta shekarar da sufuri ya fi gazawa ce.

Akwai kuma batun farashi, wanda kyamara ba ta iya ɗauka. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta Nijeriya, a 1954 kuma aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Hukumar ce ke yanke farashi a farkon kaka, ta kuma ba wasu 'yan kasuwa lasin saye. A shekaru da yawa abin da take biyan manomi bai kai farashin kasuwar duniya ba, rarar kuwa tana hannunta. An yi ayyukan raya ƙasa da wani kashi na rarar, wannan gaskiya ne, amma daga gumin manomi aka cire ta, ba a kuwa tambaye shi ba. Kafin kuɗin su iso hannunsa ma, sai sun bi ta hannun ɗan baranda da mai sikeli, sa'an nan mai karɓar haraji yana jira a ƙofa.

Mutumin da ya zama ma'auni

Ku lura da inda mai hoton yakan tsaya. Yakan ja da baya ne har dalar ta shiga gilashinsa tun daga gindi har ƙololuwa. A irin wannan nisa, ɗan dakon da ke hawa da buhu a ka yakan koma kamar tururuwa. Amfaninsa a cikin hoton shi ne ya nuna wa mai kallo girman dalar. Ba a ganin fuskarsa, ba a san garinsu ba, ba a san ko nawa aka biya shi a kan buhu ba. A zanen takardar naira 200 kuwa an ɗauke shi gaba ɗaya, an bar buhuna da shanu.

Alhali kuwa rayuwar wancan zamani a ƙasa take, a kan titunan da ke kewaye da dalar. Tsakanin tashar jirgi da kantunan kamfanoni da Fagge da Sabon Gari, wadda aka kafa wajen 1913 domin baƙin da jirgi ya kawo, akwai wata duniya ta masu neman na tuwo. Akwai ayarin jakuna da mangala, da raƙuma daga arewa, daga baya kuma manyan motoci. Akwai masu ɗinkin buhu, da masu tura amalanke, da 'yan ga-ruwa da garewani biyu a sanda, da masu gyaran keke, da akawu mai alƙalami a kunne yana rubuta nauyi. Akwai masu tuwo-tuwo da masu shayi da ke ciyar da leburori, da yara masu tallan ƙuli-ƙuli da dafaffiyar gyaɗa. Da dare kuma akwai zauruka da barandar kanti inda 'yan ci-rani ke shimfiɗa tabarma. Waɗannan su ne suka ɗaga dalar, buhu ɗaya bayan ɗaya.

Su ma ba duka ne ke ganin suna cikin zamanin wadata ba. A Kano ne aka kafa jam'iyyar NEPU a watan Agusta na 1950, tsakiyar zamanin dala, kukan talaka a kan haraji da zaluncin masu iko kuwa shi ne jarinta. A watan Mayu na 1953 an zubar da jini a kan titunan da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari. Wanda hoton dala ne kaɗai malaminsa ba zai gane daga ina waɗannan abubuwa suka fito ba.

Hanyar da ta taso daga Rano

Abu na biyu da hoton ya yanke shi ne hanyar da buhun ya biyo. Layin dogo bai bi ta Rano ba, balle Kibiya. Gyaɗar wannan yanki sai an ɗauke ta zuwa inda ake awo, a bayan jaki ko a mota, ta hanyoyi irin wadda a yau ta bi ta Bunkure ta fita Karfi. Kafin ta hau jaki kuwa, sai an cire ta, an tsinke ta, an shanya, an ɓare. Kafin injin hannu ya yaɗu, a turmi ake ɓarar gyaɗa, galibi kuma aikin mata ne da yara. Ba kasafai ake ganin mace a hoton dala ba, amma da wuya a sami buhun da hannun mace bai taɓa ba.

Hanyar nan kuma ba kaya kaɗai take ɗauka ba. Da an gama kaka, samarin karkara sukan bi ta zuwa birni ci-rani, su yi dako ko ga-ruwa ko leburanci, su komo da damina da kuɗin haraji da na aure. Sa'ad da masana'antu suka yawaita a Bompai, daga baya kuma a Sharaɗa da Challawa, da yawa suka daina komowa. Masani Paul Lubeck, wanda ya zauna da leburorin masana'antun Kano a farkon shekarun 1970, ya nuna a littafinsa na 1986 cewa da yawansu 'yan karkara ne da suka fara sanin birni ta hanyar almajiranci da ci-rani, kuma su ne suka yi yajin aikin 1971 a kan ƙarin albashin Adebo. Titin birni da ƙauyen kudancin Kano labari ɗaya ne.

Har wa yau, ƙasar Rano tana da tata sana'ar tun kafin gyaɗa. A labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano ne ake kira sarakunan baba, saboda rini da saƙa. Jirgin da ke tafiya da gyaɗa shi ne ke komowa da yadin masaƙun Ingila, sannu a hankali masaƙi da marini suka ga kasuwarsu tana raguwa. Kada kuma a manta, shekara biyu kacal bayan buɗe layin dogo, ruwan 1913 ya gaza, aka yi babbar yunwa a 1914. Duk waɗannan suna cikin lissafin zamanin, ko da yake ba su cikin hoton.

Da wata hanya

Kada a ce ai hoto ba ya iya fin haka. A 1877, a birnin Landan da hayaƙin masana'antu ya rufe, wani mai hoto, John Thomson, da marubuci Adolphe Smith sun fitar da hotunan masu talla da masu goge takalma da leburorin titi, kowane hoto da bayanin yadda mutanen ke samun abinci. Sun matsa kusa har fuska ta fito. Birnin yana da manyan gine-gine da za su iya ɗauka, amma suka zaɓi titi. Saboda haka tsayawa daga nesa zaɓi ne. Hoton dala ya yi wa kamfani da gwamnati aiki, domin abin da suke so a gani shi ne yawan kayan da ake fitarwa, ya kuwa nuna shi sarai.

Abin da ya sa wannan ya shafe mu

Fari na farkon shekarun 1970, da cutar da ta kama gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur, su suka kawo ƙarshen dalar, a 1986 kuma aka rushe hukumomin ciniki. Amma hoton bai mutu ba. A watan Janairu na 2022 an jera dalar buhunan shinkafa a Abuja, shugaban ƙasa ya je ya buɗe, domin an san abin da wannan siffa ke tayarwa a zukatan mutane. Wanda ya saba auna wadata da tsayin buhuna zai ga irin wannan ya yi murna, ba tare da ya tambayi nawa mudu yake a kasuwar Rano ba.

Akwai wata illa kuma da ta fi kusa da aikinku. Idan aka gaya wa saurayin Kibiya cewa kakanninsa sun zauna cikin wadata, shi ne ya lalace da ya tafi birni yana tuƙa A Daidaita Sahu ko tura ruwa, an ɗora masa laifin da ba nasa ba. Kakansa ma ya bi wannan hanya, ya kwana a barandar kanti, ya yi fama da mai sikeli. Sanin haka yakan sa dattijo da saurayi su ga juna da idon tausayi, su kuma yi tambayar da ta dace: wa ke yanke farashi, wa ke ɗaukar nauyi, nawa ke isowa hannun wanda ya noma.

Waɗanda suka ɗauki buhu a Ƙofar Mazugal a shekarun 1960, da matan da suka ɓari gyaɗa a turmi, kaɗan ne suka rage, waɗansunsu kuwa suna zaune a garuruwan da kuke hidima. Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya nemi dattijo ɗaya ko dattijuwa ɗaya, ya zauna ya saurara, ya rubuto amsar waɗannan tambayoyi:

1. A ina ake auna gyaɗar garinku, wa ke saye, kuma da me ake kai ta?

2. Wanda ya tafi Kano ci-rani, wane aiki ya yi, a ina ya kwana, me ya komo da shi?

3. Wane aiki mata suka yi a kan gyaɗa, kuma wane kashi na kuɗin ya shiga hannunsu?

4. Da a ce an ba wannan dattijo kyamara a wancan lokaci, me zai ɗauka?