Sunan Kamfani Bayan An Taƙaita Shi: Sharhi A Kan Yadda Ake Rubuta Shi Da Hausa

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta duba wata matsala da ɗalibin fassara kan ci karo da ita a labaran rediyo da jaridu, wato sunan da ya dace a kira kamfani da shi bayan ya taƙaita sunansa. Za a auna hanyoyi uku da masu rubutun Hausa suke bi, a nuna ƙarfi da raunin kowace, tare da ɗaukar kamfanin mai na BP a matsayin babban misali.

2.0 Taƙaitawa iri biyu

Da farko wajibi ne a bambanta abubuwa biyu da ake yawan cuɗawa. Akwai taƙaitaccen sunan da cikakkensa yake nan da ransa, kamar BBC, ko NIGELEC a Nijar. Irin wannan, mai fassara yana da damar ya warware shi, domin cikakken sunan shi ne yake a takardun hukuma. Akwai kuma taƙaitawar da ta maye gurbin tsohon sunan gaba ɗaya. British Petroleum ya haɗe da kamfanin Amoco na Amurka a 1998 ya zama BP Amoco, sa'an nan a 2001 ya koma BP kawai. Tun daga lokacin, haruffan nan biyu su ne sunan. Haka kamfanin Apple ya cire kalmar Computer daga sunansa a 2007, ranar da ya gabatar da wayar iPhone.

3.0 Hanya ta ɗaya: maido da tsohon suna

Wasu marubuta sukan ga haruffa biyu, su tuna asalinsu, su rubuta "Kamfanin Man Fetur na Birtaniya". Niyyarsu mai kyau ce, domin mai sauraro yana bukatar ya san irin kamfanin da ake magana a kai. Sai dai hanyar tana da illa biyu. Ta farko, an fassara sunan da babu shi yanzu. Ta biyu, an shigar da ma'anar da za ta iya zama hukunci.

Abin da ya faru a 2010 ya isa hujja. Ranar 20 ga Afrilu na shekarar, dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya fashe a Mashigin Tekun Meksiko, ma'aikata 11 suka mutu, mai ya yi ta malala har watanni. Wasu ƴan siyasar Amurka suka riƙa kiran kamfanin da tsohon sunansa, jaridun Birtaniya kuwa suka ɗauki hakan a matsayin ɗora laifi a kan ƙasarsu, alhali Amurkawa ma suna da hannun jari mai yawa a cikinsa. Ke nan mai fassarar da ya rubuta "na Birtaniya" a matsayin suna ya shiga gardamar ta ɓangare ɗaya ba tare da ya sani ba. Ga Bahaushe kuma, wannan ƙirar tana kama da ta "Kamfanin Mai na Ƙasa", sai ya zaci na gwamnati ne, alhali gwamnatin Birtaniya ta sayar da kusan duk sauran hannun jarinta a 1987.

4.0 Hanya ta biyu: haruffa tsurarsu

Wasu kuwa sukan rubuta haruffan su kaɗai, kamar a ce "BP ta musanta zargin". Wannan ya fi kusa da gaskiya, amma yana jawo matsalar nahawu da ta furuci.

Ta fuskar nahawu, haruffa ba su nuna jinsi. Shi ya sa a labari ɗaya za a iya samun "BP ta ce", can gaba "BP ya ce", a bakin jama'a kuma "BP sun ce". Marubucin bai tsayar da babban sunan da wakilin suna da dirka za su bi ba, sai jimlolinsa suka riƙa tangal-tangal tsakanin "ne" da "ce".

Ta fuskar furuci, mai karatun boko da Ingilishi zai ce "bi-pi", mai karatun lakwal da Faransanci ya ce "be-pe". Hausa kuma ba ta bambanta sautin /p/ da /f/, don haka wani zai ce "bi-fi". Mai sauraro a Maraɗi da mai sauraro a Katsina suna iya jin sunan kamfani ɗaya su ɗauka biyu ne, idan babu wata kalma da ta ɗaure shi.

5.0 Hanya ta uku: bin bakin jama'a

Hausa ta daɗe tana mayar da haruffa kalma. En'e da Di'o daga taƙaitattun sunayen mulkin Ingilishi suka fito, kuma sun zauna daram a harshen. Jama'a kuma sukan riƙe sunan da suka saba da shi. An rushe hukumar NEPA a Nijeriya a 2005, amma har yau idan wuta ta ɗauke sunanta ake ambata. Wannan yana da daraja ga mai nazarin harshe, kuma ya dace a bakin ɗan wasa a wasan kwaikwayo ko ƙagaggen labari. Amma labarin jarida da takardar yarjejeniya suna bukatar sunan da mai karatu zai gani a allon gidan mai ko a rasit. Wanda ya rubuta "Bifi" ya raba mai karatu da wannan allo.

6.0 Abin da ya fi dacewa

Daga abin da aka tattauna, ana iya fitar da ƙa'idoji uku.

(a) A sa kalmar bayani gaban sunan yanzu: "kamfanin mai na BP". Wannan ya ba mai sauraro ma'ana, ya kuma tsayar da jinsi, tun da kamfani namiji ne: "kamfanin mai na BP ya musanta zargin".

(b) Idan ana son nuna ƙasa, a nuna ta a matsayin bayani dabam: "mai hedikwata a Landan".

(c) A labarin tarihi, a yi amfani da sunan lokacin. A 1979 gwamnatin Janar Obasanjo ta karɓe kadarorin British Petroleum a Nijeriya, inda aka samu African Petroleum, wato AP. A nan tsohon sunan shi ne daidai, kuma ana iya ƙara "wanda yanzu ake kira BP" sau ɗaya.

7.0 Kammalawa

An ga cewa hanya ta ɗaya tana ba da ma'ana amma tana karkata gaskiya, ta biyu tana kiyaye suna amma tana barin nahawu a warwatse, ta uku kuma wurinta adabi ne. Kafin ɗalibi ya warware duk wasu haruffa, sai ya fara bincika ko cikakken sunan yana aiki har yanzu, da kuma shekarar da labarin yake magana a kanta.